Yadda sauyin launin teku zai iya shafar farashin kifi a Najeriya

A watan Yulin 2023 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani bincike da ya nuna cewa kashi 56 cikin 100 na saman tekunan duniya ya sauya launi tsakanin shekarar 2002 da 2022. Faɗin wannan yanki ya fi dukkan ƙasar da ke doron duniya in an haɗa ta wuri guda.

Masu binciken, ƙarƙashin jagorancin B. B. Cael na Cibiyar Nazarin Teku ta Birtaniya da ke Southampton, sun yi amfani da hotunan da wani tauraron ɗan'adam na hukumar NASA ta Amurka ya shafe shekara 20 yana ɗauka. Sauyin bai kai yadda idon mutum zai gane ba, amma na'urori sun gan shi sarai.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, haka shi ma launin teku. Abin da ke rina shi wasu mitsi-mitsin halittu ne da masana ke kira fitoplankton, wato ƙananan tsirran da ke yawo a saman ruwa. Inda suka yi yawa ruwan kan koma kore, inda suka yi ƙaranci kuma ya zama shuɗi garau.

Kano na da nisan kusan kilomita 800 daga gaɓar teku, Jamhuriyar Nijar kuwa ba ta da gaɓar ma gaba ɗaya. Duk da haka kifin ƙanƙara da ake soyawa a bakin titi, da kifin gwangwani, da abincin da ake ba tarwada da kajin gidan gona, duk tushensu na komawa ga waɗannan halittu.

Mece ce fitoplankton?

Kalmar ta samo asali ne daga harshen Girka, ma'anarta kuma tsiro mai yawo. Kowace ɗaya daga cikinsu ƙwayar halitta ce guda tal, ba saiwa, ba reshe, ba ganye. Sai da madubin hangen ƙananan halittu ake ganin mafi yawansu.

Suna haɗa abincinsu ne kamar yadda gero da dawa ke yi a gona. A cikin ƙwayar akwai wani koren sinadari mai suna kulorofil, wanda ke kama hasken rana. Da ƙarfin wannan haske ƙwayar ke fasa ruwa, ta haɗa shi da iskar kabon dayoksaid ta samar da sukari, sannan ta saki iskar oksijin.

Saboda dogaro da rana, ba sa rayuwa sai a saman teku, daga sama zuwa zurfin da bai wuce mita 200 ba. Ƙasa da haka duhu ne.

Abin mamaki shi ne yawan aikinsu. In aka auna nauyin dukkan tsirran duniya, na fitoplankton bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma su ke yin kusan rabin aikin haɗa abinci daga hasken rana da ake yi a duniya baki ɗaya, ragowar rabin kuma dazuzzuka da ciyayi da gonaki.

Sirrin yana cikin saurin haihuwa. Itacen kuka kan shafe ɗaruruwan shekaru a tsaye, mafi yawan jikinsa kuma katako ne da ba ya kama haske. Ita kuwa ƙwayar fitoplankton duk jikinta ma'aikata ce, kuma takan rabu gida biyu cikin kwana guda idan ta samu abin da take so. Kusan duk mako ana cinye waɗanda ke teku ko su mutu, wasu sabbi su maye gurbinsu. Wannan ne ya sa ƙaramin sauyi a zafin ruwa ke bayyana a kansu nan da nan.

Manyan dangoginsu

Akwai dubban ire-irensu, amma dangi huɗu ne suka fi tasiri.

Na farko su ne dayatom. Kowace na zaune cikin wani ƙoƙo na gilashi da ta ƙera da sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi. Ƙoƙon ɓari biyu ne, kamar kwano da murfinsa. Idan za ta rabu, ɗiya ɗaya ta ɗauki murfin, ɗayar ta ɗauki kwanon, kowacce kuma ta ƙera sabon ɓari da zai shige cikin wanda ta gada. Don haka wani ɓangare na zuriyar ke ta ƙanƙancewa, har sai an kai wani mataki da suke yin barbara su dawo da girmansu na asali. Dayatom na son ruwa mai sanyi da yalwar abinci, suna tara mai a jikinsu, kuma su kaɗai ke yin kusan kashi ɗaya cikin biyar na haɗa abinci daga haske a duniya. Su ne ginshiƙin wuraren da suka fi arzikin kifi.

Na biyu su ne masu sulken alli, waɗanda ke lulluɓe jikinsu da ƙananan faya-fayai na farar ƙasa. Idan suka yi yawa ruwa kan yi fari kamar an zuba madara. Fararen duwatsun da ke gaɓar Dover a Ingila tarin sulkensu ne na miliyoyin shekaru.

Na uku su ne masu bulala biyu, da suke kaɗawa su yi iyo. Wasu daga cikinsu na haɗa abinci da rana kuma su farauci wasu ƙwayoyin. Wasu na walƙiya da dare idan igiyar ruwa ta motsa su. A wannan dangi ne ake samun mafi yawan masu dafi.

Na huɗu bakteriya ne masu kama haske. A cikinsu akwai Prochlorococcus, wadda ba a san da ita ba sai a 1986, lokacin da Sallie Chisholm ta jami'ar MIT da abokan aikinta suka gano ta. Sai an jera kusan 100 kafin su kai kaurin silin gashi, amma a ruwa mai ɗumi mililita ɗaya kan ƙunshi har 100,000. Ita ce halitta mai kama haske da ta fi kowacce yawa a duniya. Raina kama ka ga gayya.

Takin da suke buƙata

Manomi ya san cewa rana da ruwa kaɗai ba sa isar gona, sai da taki. Haka abin yake a teku. Fitoplankton na buƙatar naitirojin da fosforas, guda biyu daga cikin sinadaran da ke cikin buhun takin NPK, da kuma ɗan sinadarin ƙarfe.

A 1934 wani masani Ba'amurke, Alfred Redfield, ya lura cewa ma'aunin waɗannan sinadarai a jikinsu kusan ɗaya ne a duk tekuna. Lissafin da ake danganta masa shi ne, kowane fosforas 1 na tafiya da naitirojin 16 da kabon 106. Duk wanda ya fara ƙarewa a cikinsu, girma ya tsaya.

Matsalar ita ce haske na sama, taki kuma na ƙasa. Duk abin da ya mutu a teku nutsewa yake yi, ya ruɓe a zurfi, sinadaransa su taru a can cikin duhu. Ruwa mai ɗumi kuma bai kai mai sanyi nauyi ba, don haka yake kwanciya a sama kamar yadda mai ke kwanciya a kan miya. Muddin ba a samu abin da ya gauraya su ba, takin ba zai hau ba.

Wannan ne dalilin da ya sa shuɗin ruwan nan garai-garai na tsakiyar tekunan wurare masu zafi yake tamkar hamada. Kyau a ido, amma ba abinci.

A wasu gaɓoɓi kuwa iska kan kore ruwan sama zuwa cikin teku, sai mai sanyi ya taso daga ƙasa da takinsa ya cike gurbin. Manyan wuraren da hakan ke faruwa huɗu ne: gaɓar Peru da Chile, da ta Kalifoniya, da ta Namibiya da Afirka ta Kudu, sai ta Maroko zuwa Senegal. Jimillarsu ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na faɗin teku ba, amma daga nan ake samun kusan kashi 20 cikin 100 na kifin da ake kamawa a tekunan duniya.

Ƙurar Chadi a Tekun Atlantika

Akwai wata hanyar da taki ke isa teku, kuma mazauna ƙasar Hausa na shaƙar ta duk hunturu.

A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Iska na matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar kwarin. Wani kaso na hazon da ke rufe Maiduguri da Damagaram da Kano daga can yake.

Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Bodele ƙasan wani ƙaton tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yanzu, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000. Farar ƙasar da ta rage bayan ya ƙafe, akasarinta ƙoƙunan dayatom ne na ruwan daɗi da suka rayu a tafkin. Wato a cikin hazon hunturu akwai ɓurɓushin gawarwakin dangin fitoplankton.

Wani bincike da masanan NASA suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke fita daga yammacin Sahara zuwa sararin Tekun Atlantika duk shekara, kusan tan miliyan 28 daga ciki kuma ke kaiwa dajin Amazon. Kaso mai yawa a teku yake zuba, ɗauke da ƙarfe da fosforas.

Babbar mai cin gajiyar wannan ƙura ita ce wata bakteriya mai suna Trichodesmium. Tana iya zuƙo naitirojin daga iska ta mayar da shi taki, kamar yadda ake samu a saiwar wake da gyaɗa, sai dai aikin na cin ƙarfe sosai. Idan ƙurar Sahara ta ba ta ƙarfen, ita kuma sai ta samar da takin da sauran ke amfana da shi.

An ga makamancin haka a wani wurin. Bayan gobarar dajin da aka yi a Ostireliya a 2019 zuwa 2020, hayaƙi da toka sun zuba a tekun da ke kudu, fitoplankton suka yi ambaliya a yankin da faɗinsa ya fi ƙasar Ostireliyar kanta.

Daga teku zuwa tukunya

Fitoplankton ne abincin ƙananan dabbobin ruwa masu kama da jatan lande, su kuma ƙananan kifaye su ci su, manya su ci ƙanana. A kowane mataki kusan kashi 90 cikin 100 na abincin na salwanta. Don haka sai da kilo 10 na ƙaramin kifi ake samun kilo ɗaya na babba.

Kifin sadinela, wanda 'yan Senegal ke kira yaboy, yana kusa da tushe, domin kai-tsaye yake tace waɗannan ƙananan halittu daga ruwa. Shi ya sa yake da yawa kuma yake da araha. Shi ne naman talaka a Yammacin Afirka. Ana busar da shi ko a yi bandarsa a Senegal a kai Mali da Burkina Faso da Gini, kamar yadda bandar kifin gaɓar Ghana ke hawa zuwa Kumasi da Tamale.

A yanzu abu biyu ne suka taso shi a gaba. Na farko kamun da ya wuce kima. Kwamitin masana na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana bayyana cewa ana kama sadinela fiye da yadda yake hayayyafa. Masana'antun niƙa kifi sun yawaita a Nuwadibu ta Moritaniya da Senegal da Gambiya. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce ana kwashe fiye da tan 500,000 na ƙananan kifaye duk shekara daga yankin a mayar da su gari da mai don ciyar da dabbobi da kifin kiwo a Turai da Asiya, adadin da ya isa ciyar da mutum miliyan 33.

Na biyu shi ne ɗumamar ruwa. Binciken jiragen ruwa na shekaru ya nuna sadinela na matsawa arewa, daga ruwan Senegal zuwa na Moritaniya da Maroko, yana bin sanyi da abincinsa. Kifi bai san iyakar ƙasa ba, amma masunci da ya bi shi ya tsallaka yakan gamu da jami'an tsaro.

A Ghana ruwan sanyi kan taso ne tsakanin Yuli da Satumba, lokacin kakar kifi. Kamun ƙananan kifaye ya faɗi warwas a can, har a 2019 gwamnati ta fara rufe kamun kifi na wata guda ga masu kwale-kwale.

Gaɓar Najeriya mai tsawon kilomita 853 ba ta samun irin wannan tasowar ruwa mai ƙarfi, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa ba ta kai ta Moritaniya arzikin kifi ba. Alƙaluman da jami'an gwamnati ke bayarwa sun nuna ƙasar na buƙatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuma bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Wani ɓangare na giɓin da kifin ƙanƙara na waje ake cike shi, da dala. Ke nan duk abin da ya taɓa fitoplankton a ruwan Maroko ko na arewacin Turai, sai ya biyo jirgi ya iso kasuwa.

Darasin Peru

Ƙasar Peru ta nuna yadda abin ke faruwa cikin gaggawa. Duk bayan 'yan shekaru yanayin da ake kira El Nino kan shimfiɗa ruwa mai ɗumi a gaɓarta, ya danne ruwan sanyi mai taki. Dayatom su ragu, ƙaramin kifin ancobeta ya watse ko ya nutsa ƙasa.

A 1972 El Nino ya haɗu da kamun wuce gona da iri, sana'ar kifin da ta fi kowacce girma a duniya a lokacin ta durƙushe. A watan Yunin 2023 ma gwamnatin ƙasar ta soke kakar kamun farko ta shekarar saboda ɗumamar ruwa.

Peru ce kan gaba wajen samar da garin kifi da man kifi a duniya, don haka farashinsu ya tashi. Garin kifi na cikin abin da ake haɗa abincin tarwada da shi, abinci kuma shi ne ya fi cin kuɗi a wannan kiwo. Mai kiwon tarwada a Zariya ya sha fama da faɗuwar naira da tsadar masara da waken suya, amma a cikin kuɗin buhun da yake saya akwai kason ruwan Peru.

Batun oksijin da kabon

An sha faɗin cewa rabin numfashin ɗan'adam daga teku yake. Maganar na buƙatar gyara. Gaskiya ne fitoplankton na samar da kusan rabin oksijin da ake fitarwa duk shekara, amma halittun tekun ne ke shaƙe mafi yawansa. Oksijin da ke sararin sama tari ne na miliyoyin shekaru, kuma ba zai ƙare ba a nan kusa ko da sun ragu.

Inda haɗarin yake shi ne wajen kabon. Idan fitoplankton suka mutu, ko aka ci su aka yi kashinsu, wani kaso na nutsewa da kabon ɗin da suka zuƙo. Wanda ya kai zurfi kan zauna a can ɗaruruwan shekaru ko fiye. Biliyoyin tan ne ke sauka ta wannan hanya duk shekara, kuma masana sun ƙiyasta cewa ba don ita ba, da kabon dayoksaid da ke sama ya ɗara na yanzu da kusan rabi. Mafi yawan ɗanyen man fetur na duniya ma daga irin waɗannan gawarwaki ya samu, bayan ƙasa ta binne su.

Girman ƙwaya na da tasiri a nan. Dayatom na da nauyi saboda ƙoƙonsu, suna nutsewa da sauri. Ƙananan bakteriya kuwa a sama suke ruɓewa, kabon ɗinsu ya koma iska. Idan ɗumama ta sa ƙanana suka mamaye wurin manya, kifi zai ragu, ajiyar kabon ma ta ragu.

Shin raguwa suke yi?

A nan ne masana suka yi saɓani. A 2010 wani bincike daga Jami'ar Dalhousie ta Kanada ya ce sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100 tun 1950. Wasu masanan sun ƙalubalanci sakamakon, suna cewa an gauraya tsofaffin hanyoyin awo da sabbi. A 2022 kuma wani labari ya karaɗe shafukan sada zumunta cewa kashi 90 cikin 100 na waɗanda ke Tekun Atlantika sun mutu. Masu gudanar da awon da ake yi a tekun tun 1931, ta hanyar na'urorin da jiragen kasuwanci ke ja, sun ce bayanansu ba su nuna haka ba.

Abin da aka fi amincewa da shi shi ne suna sauya mazauni da kuma nau'i. Teku ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu ya jawo. Ruwan sama na ƙara ɗumi, gaurayuwarsa da na ƙasa na ƙara wuya.

A watan Yunin 2025 mujallar Science ta wallafa binciken masanan Jami'ar Duke da ya nuna cewa tsakanin 2003 da 2022 ruwan da ke kusa da ƙuryar duniya mai ƙanƙara ya ƙara korewa, na yankuna masu ɗumi kuma ya ƙara shuɗi. A watan Satumba na shekarar, wani binciken daga Jami'ar Washington ya gano cewa haihuwar Prochlorococcus na raguwa sosai da zarar zafin ruwa ya haura digiri 28, kuma a wurare masu zafi abin da take samarwa na iya faɗuwa da kusan rabi kafin ƙarshen ƙarnin nan idan ɗumamar ta tsananta.

Shekara 20 ba ta isa a yanke hukunci na ƙarshe ba, kamar yadda masu binciken da kansu suka nuna. Sai dai alƙiblar na da tayar da hankali: arzikin teku na karkata zuwa ƙasashe masu sanyi, waɗanda akasarinsu masu hali ne, yana barin ƙasashe masu zafi da suka fi dogara da kifi.

Idan suka yi yawa

Yawansu ma na zama masifa. A watan Maris na 2025 gaɓar jihar Kudancin Ostireliya ta faɗa cikin ambaliyar wasu masu dafi daga dangin Karenia, bayan ruwan ya yi zafin da ba a saba ba. Ɗaruruwan nau'o'in halittun ruwa sun mutu, masu zuwa bakin teku sun yi ta fama da tari da ƙaiƙayin ido, an rufe wasu gonakin kawa, gwamnati kuma ta ware miliyoyin daloli don tallafi.

A 2008 zuwa 2009 makamanciyar ambaliyar ta tilasta rufe wasu matatun da ke mayar da ruwan gishiri na sha a Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A Mashigin Tekun Meziko kuwa, takin zamani da kogin Mississippi ke kwasowa daga gonakin Amurka kan sa su yi yawa duk bazara, su mutu, ruɓarsu ta shanye oksijin ɗin ruwa, kifi ya gudu ko ya mutu.

Wannan gargaɗi ne ga ƙasashen da ke Mashigin Tekun Gini, inda birane kamar Legas da Kwatano da Akara ke ƙara cika, dagwalon da ba a tace ba kuma ke gangarawa teku.

A zuba wa teku taki?

A ƙarshen shekarun 1980 wani masani, John Martin, ya kawo ra'ayin cewa ƙarancin ƙarfe ne ke hana fitoplankton yaɗuwa a wasu manyan yankunan teku. An fara gwada hakan a 1993 kusa da tsibiran Galapagos, gwaje-gwajen da suka biyo baya kuma suka tabbatar cewa zuba ƙarfe na sa ruwa ya yi kore.

Sai dai ba kullum kabon ɗin ke nutsewa ba. A gwajin da Indiya da Jamus suka yi a 2009, ƙananan dabbobin ruwa ne suka cinye yawancin abin da ya tsiro. A 2012 wani ɗan kasuwa Ba'amurke ya jagoranci zuba kusan tan 100 na sinadarin ƙarfe a tekun yammacin Kanada, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce. A shekarar da ta biyo baya ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Landan kan zubar da shara a teku suka amince da gyaran da ya taƙaita irin wannan aiki ga binciken kimiyya kawai.

Babban abin tsoron shi ne, takin da aka sa aka cinye a wani yanki shi ne igiyar ruwa za ta kai wani yankin. Wasu nazarce-nazarce sun nuna cewa tekunan wurare masu zafi ne za su yi asara.

Abin da ke gaban Najeriya

A ranar 8 ga Fabrairun 2024 NASA ta harba tauraron PACE, wanda ya ci kusan dala biliyan ɗaya. Yana bambance launuka fiye da 200, har yana iya nuna wane dangi ne ya mamaye wane ruwa. Bayanansa kyauta ne ga duk mai intanet da ilimin sarrafa su.

Najeriya na da Cibiyar Binciken Teku a Legas tun 1975, ta kuma kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a 2023. Hoton tauraro ba ya wadatarwa sai an ɗebi ruwa an auna an gwama, musamman a yankin da gizagizai da hazo ke yawan rufewa. Wannan na buƙatar jirgin bincike mai aiki, da ɗakunan gwaji, da kasafin da ba ya yankewa.

A fagen duniya an samu ci gaba biyu a watan Satumban 2025. Yarjejeniyar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya kan hana tallafa wa kamun kifi mai ɓarna ta fara aiki, ƙarƙashin shugabancin Ngozi Okonjo-Iweala. Yarjejeniyar kare tekunan da ba mallakin kowa ba ita ma ta samu amincewar ƙasashe 60 da ake buƙata, abin da ya share mata fagen fara aiki a Janairun 2026.

Babu wata ƙasar Yammacin Afirka da za ta iya sanyaya teku. Abin da ke hannunsu shi ne yawan kifin da ake kamawa, da adadin masana'antun niƙa da ake ba lasisi, da dagwalon da ke shiga ruwa. Sadinela na ratsa ruwan ƙasashe huɗu ko fiye, kuma har yanzu babu wani ƙayyadadden kason kamu na bai ɗaya da ya ɗaure su duka. Kifin da aka bar masa iri na iya jure shekarar da abincinsa ya yi ƙaranci. Wanda aka riga aka kwashe kuwa, ɗumamar kaka ɗaya ta isa ta ƙarasa shi, kuma mai sayen kifin gashi a Kasuwar Rimi ko ta Maraɗi na cikin waɗanda za su biya.